Yadda Ake Daka Pesto Ba da Cuku Ba

A Jenowa, babban birnin yankin Liguriya da ke gaɓar teku a arewa maso yammacin Italiya, akwai wani koren haɗi da ba ya hawa wuta ko kaɗan. Ɗanyen ganye ake kirɓawa da tafarnuwa da gishiri da mai, a cakuɗa da taliya mai zafi, an gama ke nan. Sunansa pesto. Mutanen garin ba sa wasa da shi. Tun 2007 suke shirya gasar duniya ta daka shi a Palazzo Ducale, tsohuwar fadar shugabannin birnin, inda mutum ɗari ke jeruwa, kowa da turminsa na marmara da taɓaryarsa ta katako. A 2017 ma filin jirgin saman garin ya sassauta dokar nan da ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100, domin matafiyi ya wuce da kwalbar pestonsa, muddin ya ba da 'yar gudummawa ga wata ƙungiya mai taimakon yara marasa lafiya.

Kayan haɗinsa na gargajiya bakwai ne: ganyen basil, tafarnuwa, gishiri mai tsakuwa, ƙwayar wani itace da suke kira pinoli, man zaitun, sai cuku iri biyu, wato Parmigiano Reggiano na nonon saniya da Pecorino na nonon tunkiya, wanda aka fi kawowa daga tsibirin Sardiniya. Biyar daga cikin bakwai ɗin tsiro ne da gishiri. Cukun nan biyu ne kaɗai suka fito daga dabba, kuma a kansu maganarmu take.

Masu neman pesto marar cuku iri-iri ne. Akwai masu cin tsirrai zalla, waɗanda ba nama kaɗai suka bari ba, har nono da ƙwai da zuma; ƙungiyarsu ta farko an kafa ta a Ingila a 1944, kuma Donald Watson na cikin waɗanda suka assasa ta. Akwai waɗanda jikinsu bai karɓi nono ba. Har masu shan nono amma ba sa cin nama sukan kauce wa Parmigiano, saboda da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa. Sannan akwai mafi yawanmu, waɗanda dalilinsu bai wuce aljihu ba: cukun da aka ajiye aƙalla wata 12 kafin a sayar, aka kuma ɗauko shi daga Italiya, ba abin saye ba ne domin abincin daren Talata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire cukun kawai a ci gaba da sauran. Abin da zai fito koren mai ne mai ƙamshi, amma salam a baki, ya kuma riƙa zamewa daga jikin taliya yana taruwa a gindin kwano. Dalili kuwa, cukun nan aiki uku yake yi. Yana kawo gishiri. Yana ba haɗin jiki, ya riƙe man kada ya ware. Na uku, wanda ya fi wuyar mayewa, shi ne daɗin nan da ke sa abinci ya zauna a baki, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa daga sinadarin gulutamet yake. Shi ne dai abin da ke cikin farin magi. Cuku mai daɗewa a ajiye cike yake da shi. To, wanda zai cire cuku sai ya tambayi kansa: wa zai ɗauki kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan uku? Idan aka amsa wannan, sauran aikin hannu ne.

Kada kuma wani ya ji kamar yana saɓa wa magabata. Littafin girkin da aka fi ambata a matsayin wanda ya fara rubuta yadda ake pesto, na Giovanni Battista Ratto da ya fito a 1863, ya sa cukun ƙasar Holan da ɗan man shanu a ciki, ya kuma yarda a yi amfani da faski da wani ganyen ƙamshi idan ba a samu basil ba. A maƙwabciyarsu Furobans ta kudancin Faransa suna da pistou, wanda asalinsa basil ne da tafarnuwa da mai kawai. A Tarafani ta tsibirin Sisili kuwa almon da ɗanyen tumatir suke sawa. Kowa da abin da gonarsa ta ba shi.

Mu fara da ganye, don shi ne uban tafiya. Basil ɗin Jenowa, musamman na unguwar Pra', ƙananan ganye gare shi masu laushi, ana cire shi tun yana ɗanyen shuka, kuma ƙamshinsa mai sanyi ne. Ɗan gidan su ɗaɗɗoya ne, amma halinsu ba ɗaya ba. Babbar ɗaɗɗoyar nan da ake sawa a farfesu ganyenta ya fi kauri, ƙamshinta ya fi kaifi, yana ɗaukar hanyar kanumfari, saboda sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshi yana da yawa a cikinta. A tukunya wannan ƙarfin yakan lafa. A ɗanye kuwa yakan cika baki da bauri. Don haka wanda ya samu basil na ainihi, a manyan shaguna ko a 'yar tukunyar da ya shuka a tsakar gida, ya yi da shi. Wanda kuma ɗaɗɗoya ce a hannunsa, ya raba: kashi ɗaya ɗaɗɗoya, kashi biyu wani ganye mai sauƙin kai, kamar faski ko ƙaramin alayyafo. A zaɓi ganyen saman reshe, a guji wanda shukarsa ta fara fure, domin da zarar ta yi fure ganyen ya fara ɗaci.

A tsinke ganyen daga itacensa, a wanke shi a ruwa mai sanyi a hankali ba tare da murzawa ba. Tun da ɗanye za a ci, wankin ya zama na gaske, da ruwan da za a iya sha. Sai a baza shi a kan tsumma mai tsabta a inuwa har ya tsane sarai. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke ɓata musu aiki: ruwan da ya maƙale a ganye yana tsinka haɗin, yana kuma gaggauta baƙinsa.

Sai ƙwaya. Pinoli tsada gare shi ko a Italiya. Amfaninsa a pesto maiƙo ne da laushi da ɗan garɗi, kuma idan babu cuku nauyin da ke kansa ya ƙaru, domin shi ne zai ba haɗin jiki. Shi ya sa ake ƙara yawan ƙwaya a pesto marar cuku fiye da na gargajiya. A ganina ƙwallon yazawa ne ya fi kusa da shi. Yana narkewa a turmi ya yi luƙwi, ɗanɗanonsa kuma ba ya danne ganye. Gyaɗa ma tana yi, sai dai bakinta ya fi ƙarfi, kowa zai san da ita a ciki. Riɗi da agushi suna shiga, amma riɗi idan ya yi yawa yakan kawo ɗaci, gara a haɗa shi da wani. Ko wacce aka zaɓa, a soya ta sama-sama a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa, har ƙamshi ya fara tashi, launin ya ɗan sauya. A sauke a bar ta ta huce gaba ɗaya kafin ta taɓa ganye. Idan gyaɗa ce, a mirje ɓawon, a tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse a zubar, saboda gubar da ke cikin irin wannan suya ba ta kashe ta. A kuma tambayi baƙi kafin a zuba musu, don akwai waɗanda gyaɗa ko yazawa ke tayar wa da ciwo mai tsanani.

Yanzu ga aiki na uku, daɗin da ke zaunar da abinci. A Turai da Amurka abin da aka fi sawa shi ne wani busasshen yis na ci, ɓarɓashi ne rawaya mai ƙamshi kusa da na cuku. Dangin yis ɗin burodi ne, amma an kashe shi da zafi, ba ya kumbura komai. A kula: na burodi ba ya maye gurbinsa, kada a kuskura a zuba shi ɗanye a abinci. Wasu kuma ƙaramin cokali na miso suke sawa, wato ruɓaɓɓen waken suya na Japan.

Wanda bai samu ko ɗaya ba, ya leƙa kwandon kayan miyarsa. Abin da ke faruwa da cuku a watannin ajiyarsa, inda furotin ke rugujewa ya saki gulutamet, shi ne ke faruwa da kalwa a 'yan kwanakin da take rufe kafin ta zama daddawa. Ɗan mitsitsi ya isa, kwatankwacin abin da yatsa biyu za su ɗauka. A gasa ta a kasko tukuna warin ya kwanta, a daka ta zama gari. Ba zan ce wannan ɗanɗanon Jenowa ba ne, kuma mutumin Pra' zai iya ɗaga gira, amma gurbin da cuku ya bari tana cike shi fiye da yadda ake zato. Garin ƙuli-ƙuli marar yaji shi ma yana taimakawa, ta fuskar kauri da garɗi. Duk wanda ya taɓa kwaɗa zogale da ƙuli ya riga ya san rabin wannan sana'a.

Ga awon da zai ishi taliyar mutum huɗu zuwa biyar: ganye giram 60, wato cikin tafin hannu biyu a cike har sau biyu, ƙwaya giram 50, kusan babban cokali biyar, tafarnuwa ƙwaya ɗaya, biyu ga mai son ta, busasshen yis babban cokali biyu zuwa uku, ko abin da ya maye shi, gishiri rabin ƙaramin cokali, man zaitun mililita 80, kusan babban cokali biyar zuwa shida, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali ɗaya. Lemun tsami ba ya cikin na gargajiya. An kawo shi ne ya maye ɗan kaifin da Pecorino ke bayarwa. Man kuwa a nemi marar ɗaci. Idan zaitun ya gagara, mai kyau na gyaɗa da bai taɓa hawa wuta ba zai yi, ko a haɗa su rabi da rabi.

Kafin a fara, a sansana turmin. Katako yana riƙe ƙamshi, kuma ƙaramin turmin da aka saba jajjagen attaruhu da citta a cikinsa zai ba pesto labarin duk abin da ya taɓa shiga. A wanke shi, a shanya, a daka 'yar busasshiyar shinkafa a ciki a zubar, sannan a fara.

A ɓare tafarnuwa, a tsaga ta biyu, a cire ɗan koren tsiron da ke tsakiya idan akwai, shi ne mai ɗaci da sa gyatsa. A jefa ta a turmi da rabin gishirin a daka har ta zama kamar man shafawa, ba gutsuri ko ɗaya. A zuba ƙwayar a ci gaba har su haɗe su yi danƙo. Sai ganye, kaɗan-kaɗan, da sauran gishirin. A nan hannu zai canza salo. Ba dukan sakwara za a yi ba. Taɓaryar za a riƙa murzawa a jikin turmi ana zagayawa, ana goga ganyen a bango, ɗaya hannun yana juya turmin. Tsakuwar gishirin ce ke yayyaga ganyen. Cikin 'yan mintuna za a ga wani koren ruwa mai haske yana fitowa, ƙamshi ya cika ɗakin. Idan cikin hannu ɗaya ya narke a ƙara wani, har ganyen ya ƙare. Sannan a zuba yis ko daddawa a gauraya. Mai shi ne na ƙarshe, kuma ba a daka shi: a ajiye taɓarya a ɗauki cokali, a riƙa tsiyaya man siriri ana juyawa har ya shige. A ɗiga lemun tsamin. A ɗanɗana.

A kan ɗanɗanawar nan ya kamata a ɗan tsaya. Pesto a bakin cokali ya kamata ya ɗan fi ƙarfin yadda ake so, domin zai bazu a cikin taliya mai yawa. Idan an ji shi salam, gishiri ne ya gaza, kuma tun da babu cuku kusan kullum sai an ƙara. Idan ya yi nauyi a harshe, ɗigo biyu na lemun tsami. Idan tafarnuwa ko ɗaɗɗoya ta yi tsawa, a ƙara dakakkiyar ƙwaya. Kaurinsa ya zama wanda zai tsaya a cokali ya ɗan jima kafin ya zame.

Mai bilenda ma ba a bar shi a baya ba, sai dai ya san abokin gabansa zafi ne. A cikin ganyen akwai wani sinadari da ke mai da shi baƙi da zarar an fasa shi iska ta shiga, irin abin da ke faruwa da dankalin turawa idan an fere an bar shi a fili. Wuƙar bilenda tana gudu, tana ɗumama haɗin, tana kuma cusa masa iska, sai kore ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya dushe. Maganinsa, a sa kofin bilendar da wuƙarsa a firij na rabin awa kafin a fara. A markaɗa tafarnuwa da ƙwaya da rabin man tukuna, sannan a zuba ganye, a riƙa kunnawa ana kashewa, daƙiƙa biyu ko uku a kowane karo. Sauran man a juya shi da cokali a kwano, saboda man zaitun da aka daɗe ana bugawa da wuƙa yakan yi ɗaci. Wasu sukan tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na daƙiƙa goma, su tsame su jefa a ruwan ƙanƙara, su matse. Wannan yana riƙe koren kwana da kwanaki, amma yana tafiya da wani ɓangare na ƙamshin. Ga basil mai laushi ban ga ribarsa ba idan yau za a ci. Ga ɗaɗɗoya kuwa yana da amfani, domin yana rage mata bauri.

To, an daka. Da me za a ci?

Doka ɗaya ce: kada pesto ya shiga tukunyar da ke kan wuta. Zafin abincin da aka sauke ya ishe shi. Abincin da Liguriya ta fi shahara da shi taliya ce, ko dai trofie 'yan gajeru masu murɗe, ko trenette dogaye masu faɗi kaɗan, a dafa tare da dankalin turawa da koren wake a tukunya ɗaya. Sufageti zai yi. A tafasa ruwa mai yawa da gishiri. A yanka dankali biyu ƙanana-ƙanana a zuba, bayan minti biyar a zuba koren waken da aka kakkarya, sai taliya giram 400. A dafa ta ta nuna amma da sauran ƙarfinta. Kafin a tace, a ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar a ajiye; wanda ya manta da wannan ya zubar da rabin miyarsa a rariya. A sa peston a babban kwano, a sassauta shi da cokali uku ko huɗu na ruwan nan mai zafi, a juye taliya da dankali da wake a kai, a yi ta juyawa. Sitacin da ke cikin ruwan, da wanda dankalin ke saki yana farfashewa, su ne ke haɗa mai da ruwa su zama miya mai santsi da ke kama kowane silin taliya. A pesto marar cuku wannan dabarar ta fi muhimmanci, don dankalin yana ɗaukar wani ɓangare na aikin da cuku ya bari. Idan ya bushe a ƙara ruwan, a ci nan take.

Hanya ta biyu ita ce romon kayan lambu. Mutanen Jenowa sukan dafa wake da kabewa da dankali da karas da kabeji har su yi laushi, su sauke, sannan su juya cokali ɗaya na pesto a kowane kwano. Haka ma ake yi a Furobans da pistou. Farin wakenmu ya dace da wannan ƙwarai.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. A shafa a gasasshen burodi a ɗora yankakken tumatir. A cakuɗa da dafaffen dankali ko doya tun suna tururi. A tsinka shi da lemun tsami da ɗan ruwa a zuba a kan latas da kokwamba. Shinkafa da wake ma, a maimakon mai da yaji, a gwada cokali biyu na pesto da ɗan barkono a gefe. Wanda na fi so shi ne awarar waken suya: a soya ta ta yi ja, a tsane man, a jefa a kwano da pesto a girgiza. Awara ba ta da ɗanɗano mai ƙarfi na kanta, don haka duk abin da ganyen nan ya ƙunsa sai ya fito fili. A dai soya ta haka nan, ba tare da an tsoma a ƙwai ba, idan masu cin tsirrai zalla za a ba.

Maganar ajiya tana bukatar kulawa, musamman a ƙasa mai zafi. A zuba abin da ya rage a ƙaramar kwalba mai tsabta, a danna shi ya kwanta, a rufe samansa da siririn mai don iska kada ta taɓa shi, a sa a firij, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. Man nan launi yake karewa, ba ya hana lalacewa. Hasali ma tafarnuwa da ɗanyen ganye a ƙarƙashin mai, ba iska, ga ɗumi, wuri ne da wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa take samun damar yin guba mai shanye jiki, kuma ba lallai wari ko launi su nuna ba. Ɗan lemun tsamin da aka ɗiga bai kai ya hana ta ba. Saboda haka kwalbar pesto ba ta kwana a wajen firij. Mai firiza da ba ta narkewa zai iya zuba shi a mazubin ƙanƙara, idan ya daskare ya ɓalle ya tara a leda, ya riƙa ɗaukar ɗaya ko biyu har wata uku. A bar shi ya narke da kansa ko a ruwan taliya, ba a kan wuta ba. Inda kuwa lantarki ke zuwa yana ɗaukewa, a raba awon nan biyu a daka na ci ɗaya kawai. A ɗora ruwan taliya, a zauna gaban turmi. Kafin dankali ya nuna an gama.